Na Rungumi Duna a Tsakiyar Birni

Yaya, yau ƙanenka mai gudun najasa ya rungumi kare a gaban jama'a.

Da safe na tarar kunnen Duna, karen da ke gadin tumakinmu, ya kumbura suntum kamar ƙosai. Na taɓa da kara, ashe jini ne ya taru. Sai kaɗa kai yake yana kuka. Na ruga wajen Malam Ilu wanzami.

Ya ce, "Askar da nake wa mutane tsaga zan sa wa kare? Kai shi bayan ganuwa ka huta."

Na ce, "Shekara huɗu yana hana kansa barci don mu yi namu. Ba zan yar da shi ba."

Na rungumo shi na ɗora a keke, sai asibitin dabbobi. A Ƙofar Doka wani ya ce, "Malam Tanko, amarya ka yi?"

Na ce, "Ita ce, matsa mu wuce!"

Likita ya zuƙe jinin, ya naɗe kunnen, ya ce mu koma jibi.

Na wanke rigata sau bakwai, na ƙara ɗaya don kokwanto. Jibi kuma ta ƙofar Malam Ilu za mu bi.