Fayafayan Hajiya Tasallah

A unguwar Anbariyya ta Madina idan ka ce Abdulfattah sai a tambaye ka wanne, amma kana cewa mai tsofaffin kaya za a nuna maka ƙofar shagonsa. Iyayensa Hausawan Sudan ne, shi kuwa a Madina aka yanke masa cibiya. Da dako ya fara a haraj, kasuwar gwanjo, kuma a can ya gane cewa akwai masu biyan kuɗi a kan abin da wasu ke zubarwa. Tsofaffin kwabbai, butocin gahawa, makullan gidajen da aka rushe, duk yana da mai so. Mutum ne mai ji da kansa, kuma gaskiya yana da abin ji. Yakan bugi ƙirji ya ce idonsa bai taɓa sauka a kan kaya ya kasa sayar da shi ba.

Ta waya ya san masu tara fisha, wato 'yan fayafayan nan masu kamar kwabo da ake ajiyewa a teburin caca a madadin kuɗi. Ba wasa suke yi da su ba, a gilashi suke jera su, suna gardama a kan shekarunsu. Ranar da ya fara ganin hotonsu nan take ya gane su, domin ya san su tun yana rarrafe. Su ne a cikin gwangwanin mahaifiyarsa, Hajiya Tasallah, a gidansu na unguwar Jurf. Kullum bayan la'asar takan zauna da kwano biyu, idan ta zagaye carbinta da salati sai ta ɗauki faifai ɗaya daga wannan kwano ta jefa a wancan.

Ya ɗauki hotonsu a ɓoye ya tura. Wani mai tarawa a ƙasar waje, Haisam, ya kira shi, ya ce na yumɓu ne, daga wani gidan caca da aka daɗe da rufewa, kuma ya yi shekaru yana nemansu. Da ya faɗi kuɗin da zai biya, Abdulfattah bai yi wata-wata ba ya ce an gama.

Sai da ya kashe wayar ya tuna cewa kayan ba nasa ba ne. Ta yaya zai karɓe su ba tare da ya gaya wa tsohuwa abin da take lissafin salatinta da shi ba? Wannan ne ya hana shi sakat. Yana tsoron ta ji, ta ɗauka ibadarta ta shekaru ta gurɓata, ta ƙarasa rayuwarta cikin baƙin ciki. Ya kawo mata ƙirgau na zamani mai maɓalli, ta ba jikarta. Ya wanke ƙwallayen dabino ya kawo a leda, ta ce ko ya ga ta yi kama da akuya. Mutumin da ke iya sayar wa Bature tsohon takalmi, ga shi ya kasa da gwangwani ɗaya.

Ranar wata Juma'a ya zauna gabanta yana ta kewaye-kewaye.

"Ya ummi, waɗannan abubuwan sun tsufa, wallahi. Akwai wanda ke so, zai biya da kyau, sai in kai ki Umra a mota mai sanyi."

"Kai dai faɗi abin da ke bakinka," in ji ta, ba ta ko ɗago ba. "Na caca ne. To, sai me?"

Sannan ta ɗago ta dube shi.

"Ka ɗauka yau na zo duniya? Matar da na yi wa aiki a Jidda ce ta ba ni da za su koma ƙasarsu. Da idona na ga mijinta da abokansa suna turo su a kan tebur, suna zage-zage. Na ce ku zo nan, ku ji abin da ya fi wannan." Ta jefa ɗaya a kwano. "Tun kafin a haife ka suke jin sunan Annabi a garin Annabi. Yanzu kai, don mota mai sanyi, za ka mayar da su wurin masu sonsu saboda cacar? Halas, magana ta ƙare, tashi ka ba ni wuri."

Kunya ta kama shi, daɗi kuma ya rufe shi, har ya rasa wanne ya fi yawa. A ƙofar gida ya kira Haisam ya ce ya yi haƙuri, kayan suna da mai su, kuma suna bakin aiki.

Har yau yana bugun ƙirjinsa a shago, sai dai ya ƙara 'yar gyara a maganar: bai taɓa kasa sayar da kaya ba, in ban da sau ɗaya. Hajiya Tasallah ta rasu bara. Haisam ya ji labari, ya yi ta'aziyya, ya bar kwanaki suka wuce, sannan ya sake tambaya cikin ladabi. Lokacin da saƙon ya shigo, la'asar ta yi, Abdulfattah na zaune da kwano biyu a gabansa. Ya kife wayar ya jefa faifai ɗaya.