Jingar da Babu Sunan Kowa a Cikinta

Har yau ban manta da ranar da na cike takardar kai Sunusi gaban kwamitin ladabtarwa ba. Duk sabon malamin da ya zo sashenmu sai na ba shi labarin, ko ya so ko bai so ba.

Lokacin ina babban malami, mataki biyu ƙasa da farfesa, ina koyar da kwas ɗin falsafa wanda dole ne kowane ɗan aji biyu ya yi. Aikin kwas ɗin shi ne ɗalibi ya iya raba hujja da zato. Kowane zango nakan ba da jinga guda: ɗalibi ya samo wata gardama ta gaske daga inda ya fito, ya warware ta, ya nuna inda hujja ta tsaya da inda ta rushe.

Tun da wayoyin nan suka fara rubuta wa yara jinga na zama mutum mai zargi. Na san alamarsu: rubutu sumul, babu sunan mutum, babu sunan gari, kullum "wani mutum a wani wuri". Ɗalibai har suna suka sa min, wai Ɗansanda, ni kuwa daɗi ma nake ji.

Jingar Sunusi ta zo a zango na biyu, da rani, tumatir ya fara nuna. Sunusi magidanci ne daga wani ƙauye kusa da Bunkure, a baya yake zama, bai taɓa ɗaga hannu a aji ba. Ya rubuta cewa a wani gari manoman ƙarshen kanal, wato magudanar ban ruwa, sun daina samun isasshen ruwa. Suka zargi wani manomi na sama da satar ruwa, don ruwan ya ragu ne bayan ya karɓi gonar, kuma an sha ganinsa da shebur a bakin ƙofar ruwa. Wani shugaba ya hana shi ranarsa ta ban ruwa, tumatirinsa ya bushe. Daga nan Sunusi ya bi hujjojin ɗaya bayan ɗaya. Ya ce don abu ya biyo bayan wani ba ya nufin shi ya jawo shi. Ya ce ya auna zurfin ruwan da kara, sama da gonar mutumin da ƙasa da ita, bai ga bambanci ba. Sai can gaba ruwan yake mutuwa, inda kacala, doguwar ciyawar nan, ta toshe kanal.

Na shekara ban ga jinga mai kyanta ba, kuma kyan nan ne ya tayar min da hankali. Wani gari, wani manomi, wani shugaba. Na ce biri ya yi kama da mutum, na aika aka kira shi ofis.

"Wane gari ne wannan?"

"Wajenmu ne, Malam."

"Shugaban ba shi da suna?"

Ya sunkuyar da kai.

"Sunusi, in ka ba ni suna, magana ta ƙare. In ba ka bayar ba, kwamiti za ta. Ka san abin da ke bayan kwamiti?"

"Kora, Malam."

"To?"

"Malam, a yi haƙuri. Ni na rubuta, wallahi. Amma sunan dai, a yi haƙuri."

Gumi ya keto masa, ni kuwa na ɗauki gumin a matsayin shaida ta biyu.

Ka'idarmu ita ce malami ya cike takarda, shugaban sashe ya sa hannu, sannan ta tafi kwamiti. In ta shiga can, sai dai Allah. Ranar Alhamis na kai wa shugabar sashenmu, wata farfesa mai ƙarancin magana. Ta karanta jingar, ta karanta takardata, ta cire tabarau.

"Dakta, ina hujjar?"

"Ranki ya daɗe, babu suna ko ɗaya, kuma ya ƙi faɗa."

"Wannan na gani. Hujjar cewa ba shi ya rubuta ba nake tambaya. Ka dawo min Litinin."

Na fito raina a ɓace. Na duba fayil ɗinsa na ga sunan ƙauyen, na ce gani ya kori ji. Kuma gaskiya ba don in wanke shi na shirya tafiyar ba, so nake in dawo in ce babu kanal, babu kacala.

Ranar Asabar da hantsi na bi ta Kura na isa. Kanal yana nan. Na bi gefensa a ƙafa, takalmina na ofis ya sha taɓo, har na iske kacala ta cika shi maƙil, ruwa yana ratsawa da ƙyar. Duk da haka zuciyata ta ce ai kowa zai iya ganin ciyawa ya ba waya ta ƙarasa masa. Na tambayi wata mata mai tsince tumatir wa ke raba ranakun ruwa, ta nuna min wani dattijo a gindin mangwaro, Alhaji Ɗanjuma.

Muka gaisa, na ce ni malamin jami'a ne, na ji labarin wani da aka hana ruwa.

"An yi haka," ya ce. "Ni na yanke. Jama'a sun yi ittifaƙi, ga shebur an gani."

Halin malami ba ya ɓuya. Na ce, "Alhaji, da aka hana shi, ruwan ƙasa ya ƙaru?"

Ya dubi kanal. "Bai ƙaru ba," ya ce a hankali.

Ya sa aka kawo min ruwa a kwano, kamar mai son sauya zance. "Jami'a ka ce? Ai mijin 'yata can yake karatu. Sunusi. Yaro mai kunya, ko idona ba ya iya kallo."

Na ajiye kwanon ban sha ba. Ashe surukinsa ne shugaban. Wane Bahaushe ne zai kama sunan uban matarsa ya rubuta a takarda cewa ya yi hukuncin kuskure, takardar da za a karanta gaban kwamiti? Na san wannan tun ina yaro, amma zargi ya rufe min ido. Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba a aikin nan.

Dattijon ya ƙura min ido. Yanzu shi ne mai zargin.

"Malam, wannan magana ba ta fita garin nan ba. Wa ya kai maka ita har birni?"

"Wani ne, Alhaji."

"Wanin ba shi da suna?"

"A yi haƙuri, Alhaji."

Na sunkuyar da kai, gumi yana bin bayana.

Ranar Litinin na yaga takardar a gaban shugabar sashe. Na kira Sunusi na ba shi haƙuri, na gaya masa inda na je. Bai tambayi makinsa ba. Cewa ya yi, "Malam, Baba ya gane?" Surukinsa yake nufi. Na ce daga bakina dai bai ji ba. Bayan mako biyu ya tsaya a ƙofar ofis ya ce an yi gayya an yashe kanal, an mayar wa mutumin ranarsa.

Abin da nake gaya wa ƙananan malamai ke nan. Har yanzu ina kama jingar waya, kuma ba na sassauci. Amma zargi na gani, shebur na gani, na yanke hukunci, daidai da dattijon da ɗalibina ya warware hukuncinsa. In ɗalibi ya yi shiru a gabanku, kafin ku ɗauko takarda ku tambayi kanku wa yake rufa wa asiri. Ba kullum kansa ba ne.