Bidon ɗin da Na Zubar a Tounouga

A zamanin mulkin soja ni saurayi ne mai gyaran mobilet, wato ƙananan babura, a bakin kasuwar Gaya, ga rawar kai, ga son a ce ni ne na san gari. Ba zan ambaci sunan kowa ba, domin wanda na cuta bai taɓa ambaton nawa ba. Wani mushen lakwal ne, wato malamin makaranta, daga wani ƙauye a wajen Dioundiou. Matarsa ta rasu a kan amalanke, tana naƙuda, kafin a iso da ita likita, wato asibiti. Bayan an share makoki sai ya ce zai yi gudu da ƙafa daga Dioundiou, ya bi ta Tounouga, ya ƙare a Gaya, don a gina ɗakin haihuwa a ƙauyensu. Masu gari da 'yan kasuwa suka yi alkawarin gero da shinkafa da siminti, amma da sharaɗin ya shigo Gaya da ƙafarsa. Wasu don Allah suka yi, wasu kuma don sun tabbata ba zai iya ba.

Ni aka ɗauka in bi shi a mobilet da bidon biyu, wato jarkoki, na ruwa. Aikina ke nan, ba wani ba. In ya ɗaga hannu in matso, ya sha, in kwara masa saura a ka. Kwanakin farko na yi abin kirki. Bazara ce, ƙasa kamar garwashi, ƙafafunsa duk sun yi bororo, amma bai fasa ba. In muka yada zango yakan raba furarsa biyu ya miƙo mini, yana kirana ƙanensa. Abin da ya ja hankalina kuwa daban ne: a kowane shinge sojoji da 'yan duwan, wato kwastan, sai su ɗaga mana hannu mu wuce, ba mai duba kayana, alhali a lokacin ko buhun gishiri sai an soke shi da ƙarfe.

A Tounouga wani ɗan fasa-ƙwauri ya lura da haka. Ya ja ni gefe ya ce yana da esans, wato man fetur, da ya tsallako daga Najeriya, in cika bidon ɗaya in kai wa wani a Gaya, ladana ya fi aikin wata. Na ce a raina zango ɗaya ya rage, bidon ɗaya ma ya isa. Da hannuna na tuntsurar da ruwan a gindin giginya, ina kallo ƙasa ta shanye.

Kwaɗayi mabuɗin wahala. Ranar aka yi zafin da ban taɓa gani ba, hanyar kuma ta tudu ce, nesa da kogi, babu rijiya. Kafin rana ta take ruwa ya ƙare. Ya ɗaga hannu, na ce igiyar da na ɗaure ɗaya bidon ɗin da ita ta cije, ya daure zuwa gaba. Ya sake ɗagawa, na sake wata ƙaryar. A karo na uku ya tsaya, ya buɗe bidon ɗin da kansa, warin ya buge shi. Ya daɗe yana kallona, leɓɓansa sun tsage. Bai zage ni ba. Cewa ya yi in wuce shingen gaba tun sojoji suna cikin fara'a, in nemo masa ruwa, domin in aka kama ni da wannan kaya uwata ba za ta sake ganina da wuri ba.

Nan ne laifina ya fi girma. Da na zubar da esans ɗin na gangara kogi, da na dawo da wuri. Amma na ce bari in sauke kayan mutane tukuna, na zarce har Gaya. Kafin in komo ya faɗi, wani manomi ya ɗauke shi a amalanke. Manyan gari suna zaune a rumfa da makaɗa suna jira, aka wuce da shi ta bayansu zuwa likita. Da hukuma ta tambaye shi abin da ya faru, ya ce ƙafafunsa ne suka gaza. Masu alkawari da yawa suka janye, aka riƙa yi masa dariya a kasuwa, ni kuwa ana yaba mini wai na yi ƙoƙari. Bai ƙara gudu ba, ɗakin kuma bai tashi ba sai bayan shekaru masu yawa.

Sai da na yi furfura na iya zuwa neman gafararsa. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya ce nasa haƙƙin ya yafe tun a kan hanyar. Amma matan da suka ci gaba da haihuwa a kan amalanke, da waɗanda ba su iso ba, wannan ba nasa ba ne balle ya yafe.

Na rubuto ne don matasa. In aka ba ka amana, kada ka raina ta don ka ga ƙarama ce, domin ba ka san rayuka nawa aka rataya a kanta ba. Shi na san ƙofar gidansa, na je na durƙusa. Matan nan kuwa ko sunayensu ban sani ba.