Wankan Barsu

A gidanmu na ƙauye, can gefen Beli, Inna ce mai tatsuniya. Kakata ce ta wajen uba, gajeruwa, mai saurin baki, kuma ba ta tatsuniya sai ta ga dama. A ƙarshen damina, idan an idar da sallar isha'i, takan kwaso garwashin da ya rage a murhu ta kai ƙofar ɗakinta, ta jera sabuwar masara a kai, mu kuma mu kewaye ta, ni da yayata Hajara da 'ya'yan maƙwabta. Masarar ce ke kawo mu, ita ma ta sani. Ni take kira maigida, takan ce ta ga miji marowaci, amma mai ci irina ba ta taɓa gani ba.

Kullum a bayan ƙafarta akwai Barsu. Karen kakanmu ne, Baba Tsoho, wanda ya yi farauta har ƙarfinsa ya ƙare. Da ya rasu sai karen ya tare a ƙofar Inna, ba wanda ya ba shi izini. Babanmu kuwa malamin allo ne, kare a tsakar gida bai taɓa kwanta masa a rai ba. Ya yi haƙuri shekara biyu. A daminar da nake ba da labari kaska ta cika kunnuwan Barsu, ƙuma ta addabe shi, ga wari mai riga shi isa wuri. Wata Laraba Baba ya tsaya a tsakar gida ya ce ran Asabar mafarautan ƙauyen Yola za su zo su tafi da shi.

Inna tana ji. Baba ɗan farinta ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta zama su yi doguwar hira, balle ta buɗe baki ta roƙe shi wani abu. Haka aka tarbiyyantar da ita, haka ta tsufa.

Ni da Hajara muka ga abin mai sauƙi ne: tunda wari ne laifin, a wanke warin. Alhamis ba karatu, sai muka dafa ganyen darbejiya, muka jawo ruwa a rijiya, muka cika daron wanke-wanken Umma, Hajara ta sato sabulun salo. Barsu tsoho ne, da ƙyar yake tashi, amma da ya ga ruwa sai ƙuruciyarsa ta dawo. Ina riƙe da wuyansa, Hajara tana zuba ruwa da ƙoƙo tana cuɗawa, shi kuma yana kuka kamar ana yanka shi. Kumfa ta shiga idona. Ya tsoma baki a daron, ya ture shi da ƙafa, ya ja ni cikin taɓo, ya kufce. Duk faɗin gidan nan bai ga inda zai tsaya ya kakkaɓe jikinsa ba sai ƙarƙashin igiyar da aka shanya farar rigar Juma'ar Baba. Daga nan ya afka ɗakin Inna ya shige ƙarƙashin gado. Da ya fito, ƙura da yanar gizo sun lulluɓe shi, warin ma ya fi na da.

Umma ta sa muka wanke daron sau bakwai saboda bakin kare, tana tsaye tana ƙirgawa. Baba ya dubi rigarsa, ya dube mu, ya ce Allah ya kai mu Asabar.

A daren Inna ba ta ajiye garwashin a ƙofarta ba. Ta kai shi jikin zanar da ta raba tsakar gida da zaure, inda Baba ke zama yana duba littattafansa. Ta ce mu matso, ga wata ta zo. Muka ce ta zo mu ji.

Wai wani maharbi ne ya shiga daji da karensa, karen ya dawo shi kaɗai. Aka nemi maharbi har aka gaji. Matar mai gari ta ji tausayin karen, ta ɗauke shi, ta sa aka wanke shi da sabulu iri bakwai, aka shafa masa turare. Ana sakinsa ya ruga tsohon gidan maharbi, ya yi birgima a inda mutumin yake zama. Aka sake wanke shi, ya sake komawa. Mutanen gari suka ce ai kare ƙazami ne, bai san alheri ba. Sai akuya ta same shi a gefe ta tambaye shi dalili. A nan Inna ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba, ta juya masara, ta ce:

"Sai kare ya ce mata, ke akuya, abin da suke wankewa ba duka ne datti ba. Akwai warin ubangidana a ciki. Idan ya fita daga jikina, da me zan tuna shi? Shi ya sa har yau in kun wanke kare sai ya yi birgima. Abin da kuka cire yake nema."

Ta kakkaɓe zaninta ta ce ta ƙare, kowa ya ɗauki masararsa. Na ce ai wannan ba daɗi, ba Gizo, ba waƙa. Ta ce, "Maigida, ba don kai aka dafa ba." Daga zaure ba mu ji ko tari ba.

Ran Asabar mafarautan suka zo. Baba ya ba su fura, ya ce karen ya tsufa, ba zai yi musu amfani ba, su yi haƙuri da wahalar hanya. Ya ware mana wani fasasshen baho, ya ce duk Alhamis a wanke shi a bayan gida, nesa da igiya. Haka muka riƙa yi, kuma kowane mako ana gamawa sai ƙarƙashin gadon Inna. Barsu bai kai wata daminar ba ya mutu.

Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar nan a matsayin dabarar tsohuwa, ta faɗa wa ɗanta abin da kunya ta hana ta faɗa masa ido da ido. Har ina ba abokan aikina labarin a Karaye muna dariya.

Da Inna ta rasu, bayan sadakar bakwai, ni aka sa kwashe kayan ɗakinta. A ƙarƙashin gado na jawo wani kwando ba murfi. A ciki akwai taguwar farautar Baba Tsoho, ta sandare da hayaƙi da gumi, duk gashin kare ya manne mata. Ni mutum ne da ba na iya ganin datti in wuce. Ban yi wani tunani ba, na kai ta bakin rijiya na tsoma a bokitin sabulu, na fara cuɗawa.

Baba ya fito da sandarsa, ya tsaya a kaina. Ya daɗe yana kallon ruwan da ya yi baƙi. Sannan ya ce tun ranar da muka wanke karen nan ya leƙa ƙarƙashin gadon, ya ga abin da karen ke bi.

"Shekara ashirin ina sane da ita," in ji shi. "Ban taɓa ta ba."

Na ciro taguwar tana ɗigar da ruwa, na kai ta hancina. Sabulu kawai na ji.