Ƙofar da Yaya Haladu Bai Ƙera Mini Ba

Shekara bakwai ke nan cif da rasuwar yayana, Haladu mai walda na Abakpa, amma har yau idan na ji ana buga ƙofar ƙarfe sai gabana ya faɗi.

Daga Katsina ya zo Kaduna tun ana kashe fam da sule. Da guduma da wutar walda ya ɗauki nauyin karatuna har na zama ma'aikacin gwamnati. Yana da wata al'ada da mutane ke yi wa dariya. Ba ya ƙera wa gida ƙofa sai ya wuni a gindin katangar gidan, ya ci tuwon gidan, ya ga masu shiga da fita. Gidan da ke da tsohuwa sai ya sauko da sakata ƙasa yadda hannunta zai kai. Gidan malami a Hayin Banki ya bar tazara tsakanin rodi, don mai wucewa ya ji karatu. Wani direba mai 'ya'ya tara kuwa, ƙaramar ƙofa ya fi ba ƙarfi, ya ce ita za ta sha wahala.

Da na gina gidana a Malali, kaina ya kumbura. Na ce masa ina son ƙofa irin ta manyan ma'aikata, doguwa, rufaffiya ruf, mai tsini a sama. Ya wuni a wurin kamar yadda ya saba, da la'asar ya ce, "Isiyaku, gidanka na mutane ne. Mi za ka yi da ƙofar kurkuku?" Na ce masa zamani ya wuce shi. Wallahi haka na faɗa wa mutumin da ya saya mini littafina na farko. Na kai aikin wani wuri, shi kuma bai sake tayar da maganar ba.

Bayan 'yan watanni ciwon ƙirji ya kama shi. Wata Asabar da hantsi ya lallaɓo tun daga Abakpa don ya gan ni. Ina ciki, rediyo na yi, ƙofa a garƙame, tsakaninta da ɗaki da nisa. Ya buga har ya gaji. Mai shagon da ke kallon gidana ne ya gaya mini daga baya cewa ya daɗe a tsaye yana taɓa ginshiƙan, sannan ya juya. Kwana biyar tsakani Allah ya karɓi abinsa. Ban san abin da ya zo gaya mini ba, kuma wannan rashin sanin ne ke cina.

Yanzu kuɗi sun shigo gari. Ka zaga Malali ka gani: katanga ta fi ɗaki tsawo, fasassun kwalabe a kanta, ƙofofi duk iri ɗaya, ba ka gane gidan mai fara'a daga na marowaci. Na san masu gidajen suna da hujja, ɓarayi sun yi yawa. Amma da Yaya zai dawo, ina jin tambaya ɗaya zai yi, ta ina baƙo zai yi sallama? Ƙofofinsa kuwa suna nan a Abakpa da Hayin Banki, fenti ya koɗe, amma ba wadda ta karkace.

Bana matarsa, Yaya Rabi, ta ba ni wata takardar buhun siminti da ta tsinta a aljihun rigar da ya sa ran da ya zo gidana. Zanen ƙofa ne, gajeriya, mai rassa kamar na bishiyoyin dogon yaro biyu da ke gaban gidana, da awon ginshiƙaina daidai. Ashe yana tsaye a waje na hana shi shiga, shi kuma yana auna mini.

Na kai wa wani mai walda a Kawo. Ya juya takardar, ya sake juyawa, ya ce, "Ranka ya daɗe, aiki ya yi kyau, sai dai mai zanen ya manta wurin kwaɗo."

Na ce bai manta ba, a yi ta haka.

Allah ya jiƙan Yaya Haladu, ya yafe mini.