Goyon Gwaggo a Dungas

Mun bar Magariya da assalatu a bayan kamyon, wato babbar motar kaya, ta wani ɗan kasuwa mai zuwa ɗauko gyaɗa. Na gaya wa Bafaranshen daraktan lakwal ɗinmu, makarantar bokon da nake koyarwa, cewa gona zan dubo a Dungas. Haka na gaya wa maiɗakina, ita ma ta yi kamar ta yarda. Gaskiyar ita ce 'yarmu ta fari tana can, an kai ta yaye wurin Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ga shi labari ya zo ƙyanda ta shiga garin tana ɗibar yara. Uba kuwa ba ya buɗe baki ya tambayi 'yar fari, balle uwa. Tsoro ya cika ni.

Hanyar rairayi ce zalla. Bayan Dantchiao motar ta kafe, maza suka sauka turi, har da wani alhaji da ya fi kowa ihu bai taɓa motar ba. Da injin ya yi zafi muka koma gindin gawo. Fulani suka kawo fura da nono mai sanyi, da araha ƙwarai in aka gwada da Magariya.

Nan na ciro littafin Faransanci da darakta ya ara mini. Wata tsohuwa ta ce in fassara musu, tunda ni kaɗai nake ta ɓata rai. Labarin wani jirgi ne mai tafiya tsakanin taurari, da maraya a ciki, da masu renonsa biyu. Ɗaya mace ce mai daɗin baki, kullum waƙa da wasa. Ɗayar ƙerarriya ce ta ƙarfe, tana auna masa abinci, tana tashinsa kan lokaci, ba ta taɓa murmushi ba.

"Wannan ai ba reno ba ne, gadi ne," in ji tsohuwar.

Kowa ya yi dariya ban da ni, don Gwaggo nake gani a matar ƙarfen nan. Ita ta rene ni, kuma ban san kalar haƙoranta ba. Da na iso inda cuta ta shiga jirgin, yaron ya kwanta, sai na rufe littafin na ce rana ta dame ni.

Mun shiga Dungas da la'asar. Garin shiru, ba yara a dandali. Na wuce gida biyu ana zaman makoki.

Na tarar da Gwaggo zaune cikin rumfa, lulluɓe da babban zane, ta rame, idanunta sun faɗa. Na durƙusa. Ta tambayi gajiya, ta tambayi aiki, ta tambayi Nasara da lakwal ɗinsu. Ni kuwa ina ta zare ido ko zan ga ɗan takalmi ko 'yar ƙwarya.

"Mushe, gona ka zo gani?" in ji ta, da laƙabin da ake kiran malaman lakwal.

"E, Gwaggo."

"To, bari in kawo maka ruwa tukuna."

Ta miƙe da ƙyar, ta juya, zanen ya zame. Sai ga yarinyar goye a bayanta, fatarta duk ta saɓule, amma idonta tar, tana gwaguyar ƙuli-ƙuli. Na sunkuyar da kai don kada a ga hawayena. Daga baya wata maƙwabciya ta gaya mini tun da zazzaɓin ya fara Gwaggo ba ta kwanta ba, a zaune take gyangyaɗi da yarinyar a cinya. Gonar ma na leƙa ta, don kada in zama maƙaryaci.

A hanyar dawowa, bisa buhunan gyaɗa, na ƙarasa littafin. Mai daɗin bakin ta kulle kanta don tsoron cutar, ta ƙarfen ce ta zauna da yaron. Ban yi mamaki ba. Tafiyar nan ta riga ta nuna mini akwai masu ƙaunar da ba a gani a fuska, sai ranar da aka shiga uku.

Na tarar da maiɗakina tana daka. Ta yi mini sannu, ta tambayi gona.

Na ce, "Gona lafiya. Gwaggo na gaishe ki. Ta ce goyon da kika ba ta ya cika ci, zai karya mata baya."

Ta ajiye taɓaryar, ta zauna daɓas a kan tabarma, ta rufe fuska da gefen zane, tana dariya tana kuka.