Tsagar Baba a Allon Injiniya

Hoto ɗaya tak Baba ya bari a duniya, wanda ya ɗauka shekarar da ya yi niyyar Hajji, Allah bai nufa ba. Girmansa bai fi kwalin ashana ba. Inna ta naɗe shi a tsumma, ta ajiye a ƙasan akwatinta. Da yanar ido ta fara rufe mata gani sai ta ce da ni, ni da nake babbar 'yarta: "Ina so in ga Malam da girmansa, tun ina iya gani." Iyakar abin da ta roƙa ke nan.

Maganar ta kai kunnen mijin ƙanwata. Yana da ɗan shago a Rijiyar Zaki inda yake buga wa ɗalibai takardu, amma ya kafe sai an kira shi Injiniya. Ban san gadar da ya gina ba. Mutum ne da ba a gama tambaya yake ba da amsa, in ya yi shiru to abinci ne a bakinsa. Ya karɓi hoton, ya ce zai sa shi a kwamfuta, ya dawo ya gyara shi a gaban kowa.

Ya dawo ranar kasuwar Tsanyawa, lokacin kaka, tsakar gida duk dammunan gero. Ya sauko daga bas da jaka a baya kamar mai tafiya Legas. Ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaida Inna, ta amsa daga bayan labule, kamar yadda surukai suke yi a wajenmu. Ba ya shiga ɗakinta, ba ta zama inda yake, ko ido ba sa haɗawa. A nan ya samu abin burga. Ya ce ai kimiyya ta warware wannan. Ya baje kwamfutarsa a kan tabarma a zaure, ya fito da tabilet, wato wani faffaɗan allo mai kama da babbar waya, ya danne-danne, ya miƙo mini.

"Yaya, wannan shi ne sakan sikirin. Duk abin da na yi a nan, zai fito a can. Rizolushan ɗinsa kuwa, ko gashin gira sai Inna ta ƙirga."

Zan faɗi gaskiya, allon ya yi kyau. Na kai wa Inna, ta riƙe shi dab da hancinta, sai ga Baba ya cika shi taf. Ga hularsa da ta ɗan karkace, ga tabon sallah a goshi, ga tsagar gidansu a kumatu, wadda wanzami ya yi masa tun yana jariri, ta taso daga gefen baki ta nufi kunne. Inna ta gyara mayafinta, kamar Baban ne ya shigo ɗakin. Ni kuwa hawaye ne suka zubo mini, don na yi kewarsa ƙwarai.

Da a nan aka tsaya, da har yau ina sa wa Injiniya albarka.

Sai wata 'yar kibiya ta bayyana a allon, ta yi yawo, ta sauka a kumatun Baba. Ta goga, ta goga. Tsaga ɗaya ta ɓace. Daga zaure muka jiyo muryarsa yana yi wa maƙwabtan da suka taru bayani: "Kun ga yadda takardar ta kakkarce? Tsohon hoto ke nan. Yanzu zan share duk wannan dattin."

Karce! Mutumin da aka haifa a ƙasar Kano, wanda na tabbata kakansa ma da tsaga ya mutu, ya dubi fuskar dattijo ya ce datti. Allon da yake taƙama da shi ya nuna masa komai dalla-dalla, amma ganewa ba a sayar da ita tare da na'ura.

Na miƙe zan fita, Inna ta damƙe mini zane.

"Zauna. Kada ki kunyata shi a gaban mutane."

"Inna, tsagar Baba fa yake gogewa!"

"Na gani. Mijin ƙanwarki ne."

Haka muka zauna muna kallo. Kibiyar ta gama da kumatun dama ta koma na hagu. Ta hau goshi ta cinye tabon sallah. Ta miƙe hular. Daga ƙarshe ya ƙara wa fatar haske, Baba da yake baƙi wuluk saboda ranar gona ya koma fari sol, sumul kamar ɗan kasuwar da bai taɓa riƙe fartanya ba. Inna tana riƙe da allon, babban yatsanta yana bin inda tsagar take.

Ya ɗaga murya: "Yaya, a tambayi Inna, ya yi?"

Inna ta ce, a hankali: "Ki ce masa an gode. Allah ya yi albarka."

Na faɗa masa. Wuyansa ya ƙara tsawo.

Da maƙwabta suka watse na tare shi a zaure, na ce ya ba ni hoton takardar. Ya ce ai wajen sa shi a na'ura ya manne da gilashi ya yage, ya zubar, tunda aikinsa ya ƙare. Na ce to na farkon da ya sa a kwamfuta, kafin gyara. Ya yi 'yar dariyar nan tasa ta masu ilimi.

"Na ɗora sabon a kansa, Yaya. Me za a yi da mai datti?"

Na dube shi, ga gemu, ga tabarau, ga agogo, na rasa abin da ƙanwata ta gani. Har ya tafi yana jiran in yaba.

Bai tsaya nan ba. Ya buga hoton da yawa, ya sa a firem, ya raba wa dangi. Yau duk gidan da na shiga a cikin 'yan'uwa sai in tarar da baƙon nan a bango, jikoki suna nuna shi suna cewa kakansu ne. Nawa yana bayan kwaba, fuskarsa na kallon bango.

Kafin damina ta zagayo idon Inna ya rufe gaba ɗaya. Wata rana da hantsi ina tsince mata wake, sai ta ce in matso. Ta lalubo fuskata da hannu biyu, ta sa farce a gefen bakina, ta ja shi a hankali zuwa kunne. Ta sake ja a ƙasa da wannan, ta sake. Sannan ta juya ɗaya kumatun.

"Haka take," in ji ta. "Ki riƙe. Ni na fara mantawa."